Yadda ake dafa cili marar nama da naman kaza na daji a lokacin kaka

Cili miya ce mai kauri ta barkono wadda ta yi suna a jihar Texas ta Amurka, musamman birnin San Antonio, kuma tun 1977 majalisar jihar ta ayyana ta a matsayin abincin jiha. Ta asali da naman sa ake yin ta, 'yan Texas na gargajiya ma ko wake ba sa yarda a saka. Wadda za a yi bayani a nan ta masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba ce: ba nama, ba madara, ba man shanu, ba zuma. Wake da naman kaza ne ke riƙe da tukunyar. Duk da sunansa, naman kaza bai haɗa komai da kaza ba, tsiro ne na dangin fangas da ke fitowa a ƙasa da jikin itatuwa. A Turai da Arewacin Amurka ya fi yawa daga Satumba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya jiƙa daji.

Abin da ya kamata mai girki ya riƙe tun farko shi ne, tukunyar cili tana ɓoye komai. Da zarar an yayyanka naman kaza, barkono da tumatir sun rufe shi, babu wanda zai iya gane wane iri ne ya shiga. Saboda haka manyan ayyuka biyu duk kafin a ɗora tukunya ake gama su: tantancewa, sannan suya.

Tantancewa

Kama da wane ba ta wane. Nau'in da ake kira hular mutuwa, Amanita phalloides, shi ne ke haddasa mafi yawan mace-macen da ake samu daga cin naman kaza a duniya, kuma rabin hula ɗaya ya isa ya kashe babban mutum. Hularsa kore-kore ce mai ratsin ruwan zaitun, wani lokaci ta yi fari-fari. Ƙarƙashinta akwai fararen shafuka, karan yana da zobe, gindin kuma yana zaune cikin wata jaka kamar fasasshen ɓawon ƙwai. Jakar nan sau da yawa a binne take, shi ya sa ake tono naman kaza da gindinsa gaba ɗaya idan ana son tantance shi. Wanda ya yanke daga sama ya bar babbar shaida a ƙasa.

Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Tafasawa, suya, busarwa, daskarewa, babu wanda ke taɓa ta. Mafi muni, ba ta nuna kanta da wuri: sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa, daga nan mutum ya ji kamar ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa a ɓoye. Wasu nau'o'in Cortinarius sun fi haka jinkiri, gubarsu kan ɗauki kwana biyu har zuwa mako uku kafin ƙoda ta nuna alama. Maganar cewa cokalin azurfa zai yi baƙi in akwai guba, ko cewa abin da dodon koɗi ya ci mutum ma zai iya ci, duk tatsuniya ce. Manhajar waya mai gane hoto ma ba hujja ba ce.

Wanda ya saba tsinta a wata nahiya ya fi kowa shiga haɗari, don idonsa ya saba da wani abu dabam. 'Yan kudu maso gabashin Asiya kan ɗauki hular mutuwa a matsayin wani nau'i da suke ci a gida, kuma a 2015 likitoci a Jamus sun yi ta gargaɗi bayan 'yan gudun hijira da dama, yawancinsu daga Siriya, sun ci ta bisa kuskure. Hanyar da ta dace ita ce a fita tare da masani na yankin, a nuna masa kowane guda. A Suwizalan akwai masu duba naman kaza da aka horar don wannan aiki, a Faransa kuma an saba kai kwando kantin magani, ko da yake ba kowane mai kantin ne ya ƙware ba. Duk wanda aka yi kokwanto a kansa, a jefar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ga waɗanda suka fi dacewa da cili. Na farko maitake, Grifola frondosa, wanda ke fitowa dunƙule guda a gindin tsofaffin itatuwan ok, fale-fale bisa fale-fale masu launin toka da ruwan ƙasa, ƙarƙashinsu fari mai ƙananan ramuka. Guda ɗaya kan kai kilo biyu ko fiye. Shi ne gwanin wannan miya, domin yana yagewa zare-zare kuma doguwar dahuwa ba ta narkar da shi.

Na biyu porcini, Boletus edulis: hula ruwan ƙasa, kara mai kauri da farar raga a samansa, ƙarƙashin hula kamar soso, fari yana ƙarami, ya koma rawaya-kore in ya tsufa. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi, Tylopilus felleus, wanda sosonsa ke komawa ruwan hoda, ragar karansa kuma duhu ce. Ba ya kisa, amma guda ɗaya zai sa tukunya gaba ɗaya ta yi ɗaci har ta ƙi ciyuwa. Sabon shiga ya nisanci duk mai jan soso a wannan dangi.

Sai mai ƙaya, Hydnum repandum, da ake ganewa da ƙananan haƙora masu laushi a ƙarƙashin hularsa. Yana da ƙarfin jiki, sai dai tsoho yakan yi ɗan ɗaci, gara a kankare haƙoran. Shantarel mai launin ƙwaiduwa yana da daɗi, amma ƙamshinsa mai sanyi ne, barkono zai danne shi, asara ce a dafa shi awa guda cikin miya. A soya shi daban a zuba a kai. A kuma kula da Omphalotus, wani nau'i mai guba da ke kama da shi, wanda ke fitowa cunkushe a jikin itace da shafuka na gaske, alhali shantarel daga ƙasa yake fitowa, kuma abin da ke ƙarƙashinsa tamoji ne da ke gangarowa jikin kara.

Nau'in da ake kira Armillaria yana yawa a wannan lokaci, amma ba na sabon shiga ba ne. Yana buƙatar a tafasa shi a zubar da ruwan kafin suya, kuma Galerina marginata, mai guba irin ta hular mutuwa, yana fitowa a ruɓaɓɓen itace kamarsa.

Wurin tsinta ma abin dubawa ne. Naman kaza yana zuƙar dalma da sauran ƙarafa masu illa daga ƙasa, don haka a bar na bakin babban titi, da tsohon filin masana'anta, da inda ake feshin magani. A kudancin Jamus har yau hukumomi na samun burbushin hatsarin nukiliyar Chernobyl na 1986 a wasu nau'o'in daji, ciki har da mai ƙaya. Doka kuma ta bambanta: a Italiya yawancin yankuna sai da takardar izini, kuma dokar ƙasa ta 1993 ta ƙayyade kilo 3 a rana ga mutum guda. A Jamus porcini da shantarel kaɗan aka yarda a tsinta don amfanin gida, a dajin Epping na Ingila kuwa an hana gaba ɗaya.

A yi amfani da kwando. Leda tana sa shi gumi ya ruɓe cikin 'yan awoyi, kuma ruɓaɓɓen naman kaza, ko na ci ne, yana ɓata ciki. Wani abu kuma: cili ba wurin gwajin sabon nau'i ba ne. Wasu mutane cikinsu ba ya karɓar nau'in da kowa ke ci lafiya. Duk wanda ba a taɓa ci ba, a dafa ɗan kaɗan shi kaɗai, a ci, a jira kwana ɗaya ko biyu.

Kayan haɗi, na mutum shida

- Ɗanyen naman kaza giram 800 (misali maitake 500, porcini 200, mai ƙaya 100)
- Busasshen porcini giram 20
- Busasshen wake giram 300, rabi ja rabi baƙi, ko gwangwani 3 na dafaffe masu giram 400
- Busasshen barkonon anco 3, gwahiyo 2, cipotile 1 ko 2
- Albasa manya 2, tafarnuwa sala 6
- Mai babban cokali 6
- Kayan ƙamshi: kumin babban cokali 1, oregano ƙaramin cokali 2, garin tattasai mai hayaƙi ƙaramin cokali 2
- Markaɗaɗɗen tumatir mai kauri babban cokali 3, da gwangwanin yankakken tumatir mai giram 400
- Soya sos babban cokali 2
- Garin kokon da ake cakulan da shi, marar sukari da madara, babban cokali 1
- Garin masarar Meziko da ake kira masa harina, babban cokali 2
- Lemun tsami 1, gishiri

Barkonon nan uku kowanne da aikinsa. Anco, wato busasshen poblano, ba shi da zafi sosai, zaƙi da duhun launi yake bayarwa. Gwahiyo yana kawo ja da ɗan tsami. Cipotile halapenyo ne da aka busar da hayaƙi, shi ke kawo zafi da ƙamshin gashi, wanda miyar da ba nama take matuƙar buƙata. Idan ba a same su ba, garin cili na kanti babban cokali 3 zai yi, amma a duba ko da gishiri a cikinsa. A kuma karanta jikin kwalba da kyau: sos ɗin Worcestershire na asali da kifi a ciki, wasu dunƙulen ɗanɗano kuma da kitsen dabba ko madara.

Wake

A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a zuba sabo. Jan wake mai siffar ƙoda yana ɗauke da wani sinadari da ke sa amai mai tsanani, ƙwaya huɗu ko biyar da ba su dahu ba sun isa. Maganinsa tafasa mai ƙarfi: ya ɓararraka aƙalla minti 10, sannan a rage wuta ya ci gaba minti 45 zuwa awa guda. Kada a zuba ɗanyen jan wake a tukunyar lantarki mai dafawa a hankali, zafinta sau da yawa ba ya kai na tafasa.

Dole wake ya yi laushi kafin ya haɗu da tumatir. Tsami yana ƙarfafa bayan wake, wanda ya shiga miyar tumatir da tauri zai iya yin awa biyu bai sauya ba. A ajiye kofi biyu na ruwan dahuwar, zai yi amfani. Na gwangwani tsanewa da ɗauraya kawai yake buƙata.

Gyara da yanka

A tsaga kowane porcini biyu daga hula zuwa gindi. Ƙananan ramuka a cikin tsokar alamar tsutsa ce, a yanke wurin, in ya yi yawa a jefar. Soson tsoho da ya koma kore a ɓare shi, don yana sa yauƙi. Maitake kuwa yashi da ƙwari na maƙalewa tsakanin fale-falensa, sai an yayyaga shi an bi lungu-lungu. Ana yawan cewa kada ruwa ya taɓa naman kaza, amma ɗauraya ta 'yan daƙiƙu ba ta cutarwa, kuma ta fi a tauna tsakuwa. Jiƙawa ce ba a so. A baza shi kan tsumma mai tsafta ya sha iska. Kafin a yanka, a ware ɗanye guda daga kowane nau'i, a naɗe a takarda a saka a firji.

A yi yanka iri biyu. Kashi ɗaya cikin uku a daddatsa shi ƙanana kamar niƙaƙƙen nama, shi zai bazu ya ba miyar jiki. Sauran a bar shi manya, kamar girman babban yatsa, domin zai tsuke ya koma kusan rabi.

Busasshen porcini a jiƙa shi da ruwan zafi mililita 400 na minti 20. A tsame, a matse, a yanka. Ruwan nan shi ne romon miyar, amma a tace shi da tsumma ko takardar tace kofi, a bar ɗan na ƙasan kwano, nan yashi ke kwantawa. Busarwa tana ƙara wa naman kaza wani sinadarin ɗanɗano wanda in ya haɗu da na tumatir da soya sos suke ninka garɗin juna, shi ya sa giram 20 kacal ke sauya tukunya.

Suya, inda mafi yawa ke faɗuwa

Kusan kashi 90 cikin 100 na naman kaza ruwa ne. In aka juye giram 800 a kasko lokaci guda, ruwan zai fito ya taru, zafin ba zai wuce na tafasa ba, a ƙarshe a samu wani abu toka-toka mai santsi da ba ya ƙamshin komai. Launi da ƙamshin suya ba sa zuwa sai ruwa ya ƙafe.

A ɗora kasko mai faɗi da kaurin gindi, ya yi zafi sosai. A raba naman kazan kashi uku ko huɗu, a zuba kashi ɗaya ba tare da mai ba, shimfiɗa ɗaya, a barbaɗa ɗan gishiri. Cikin minti biyu zuwa uku ruwa zai fara fita. Idan ya yi yawa a tsiyaye shi a kwano a haɗa da romon porcini. Kunne ma yana aiki a nan: muddin ana jin ƙarar tafasa, da sauran ruwa. In ta koma ƙarar suya mai ƙas-ƙas, lokacin zuba mai ya yi, babban cokali ɗaya. Daga nan a ƙyale shi minti uku ba juyi, a danna maitake da bayan cokali ya manne da kasko, sannan a juya. Ana son gefensa ya yi ja-ja mai duhu. Kowane kashi zai ci minti 8 zuwa 10.

Dalilin jinkirta man shi ne, ɗanyen naman kaza cike yake da iska kamar soso, yana shanye mai nan take, mai girki ya yi ta ƙarawa har miya ta yi maiƙo. In ya riga ya tsuke ba ya sha. Bayan kashin ƙarshe a zuba ɗan romo a kaskon a kankare abin da ya kama, a adana.

Haɗa tukunya

A cire kara da 'ya'yan busasshen barkono, a buɗe su, a gasa a busasshen kasko daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe, da zarar ƙamshi ya tashi a sauke. Wanda ya yi baƙi a jefar, ɗacinsa ba ya gyaruwa. A jiƙa su a ruwan zafi minti 20. A ɗanɗana ruwan jiƙon, in da ɗaci a zubar. A markaɗa barkonon a bilenda da rabin romon porcini har ya yi sumul. Bayan gwahiyo yana da tauri, in bilenda ba ta da ƙarfi a tace da rariya. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido.

A babbar tukunya, a soya albasa da sauran man da ɗan gishiri a matsakaiciyar wuta minti 10, har ta yi laushi ta fara ja. A zuba tafarnuwa, kumin, oregano da garin tattasai, a juya minti ɗaya kacal. Ƙamshin waɗannan a cikin mai yake narkewa, in aka watsa su a ruwa daga baya sai miya ta yi gari-gari a baki. Sai tumatir mai kauri, a soya minti biyu zuwa uku har ya yi duhu. A zuba markaɗaɗɗen barkono, a ci gaba da juyawa minti biyar. Yana fallatsa, a rage wuta.

Yanzu a zuba yankakken tumatir, sauran romo, ruwan kankarar kasko, soya sos, garin koko, jiƙaƙƙen porcini, daddatsen naman kaza duka da rabin manyan. A ƙara ruwan wake har ya rufe kayan da ƙyar. In ya tafasa a mayar da wuta ƙasa, a ɗan karkace murfi, minti 30. Naman kaza ba ya dagargajewa kamar kayan lambu, don jikinsa na wani abu ne mai jure zafi, irin wanda ke ɓawon ƙwari. A zuba wake da sauran manyan, a ƙara minti 20 zuwa 25, ana juyawa daga ƙasa kowane minti biyar, domin da wake ya shiga miya take fara kamu. Duk naman kaza na daji sai ya dahu sosai ake ci, wanda za a zuba a kai ma ya samu aƙalla minti 15 a wuta.

A dama masa harina da ruwa babban cokali 4, a tsiyaya ana juyawa, a ba shi minti 10. In babu, a murƙushe kofi guda na waken a mayar. Kaurin ya yi idan aka ja cokali a gindin tukunya hanyar ta ɗan tsaya kafin ta rufe. A sauke, a matsa rabin lemun tsami, a jira minti 15 sannan a ɗanɗana.

Idan ta fito lami, yawanci gishiri ne ko tsami ya gaza, a ƙara su kaɗan-kaɗan kafin a yi tunanin ƙarin yaji. Ɗan ɗacin barkono ko koko, ƙaramin cokalin sukari yana rage shi. Ɗaci mai kama maƙogwaro kuwa alama ce wani nau'in da ba a tantance ba ya shiga, wannan tukunya ta zubarwa ce. Zafi in ya yi yawa, ruwa ba ya rage shi, sai a ƙara wake ko a ci da wani abu mai maiƙo, kamar fiya ko kashu da aka jiƙa aka markaɗa da lemun tsami. In gindi ya kama, kada a kankare: a juye na sama a wata tukunya, a bar ƙanzon.

Ana cin ta da shinkafa, ko burodin masara, ko tortiya, wato gurasar Meziko mai fale-fale, a zuba soyayyen shantarel da yankakkiyar ɗanyar albasa a kai. Ta fi daɗi washegari. A saka ta a firji cikin awa biyu da saukewa, a kwanuka marasa zurfi don ta huce da wuri. Tana kwana uku zuwa huɗu a firji, wata uku a firiza, kuma in za a ɗumama ta tafasa har ciki.

Ɗanyun da aka ware su zauna a firji 'yan kwanaki, a kuma ɗauki hotonsu sama da ƙasa da gindi, a rubuta ranar da aka ci. Idan wani ya fara amai, gudawa ko ciwon ciki, musamman in bayan awa 6 ne ko fiye, a tafi asibiti nan take da su da ragowar miyar, tare da duk wanda ya ci ko da bai ji komai ba. Kada a jira a ga ko zai lafa, domin a gubar hular mutuwa lafawar ma tana cikin ciwon.